Ranar da 'Yata ta Roƙi Fura a Zurmi

'Yata ta kai shekara biyar ba ta taɓa neman komai da bakinta ba. Likita ya ce otizim ne, lalurar da ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane. Sunayen abubuwa kam ta iya, in muna mu biyu: na nuna mata akuya a hoto, ta ce akuya. Amma ƙishirwa ta kama ta, sai ta tsaya gaban randa tana dukan goshinta har wani ya gane.

Wata malama a nan Ƙauran Namoda ta koya mini dabara. In riƙe abin da take so inda za ta gani, in yi shiru. Ko rabin kalmar ta faɗa, in miƙa mata nan take. Ta ja mini kunne cewa ranar da yarinyar ta roƙa aka kwatse ta, tana iya rufe bakin ke nan. Wata huɗu ina riƙe da kofi ina jira, ni da ko tafasar shayi ba na iya jira.

Sai suna ya kai mu Zurmi, gidan surukata. Gidan malamai ne, inda yaro ba ya kallon kwanon manya, balle ya roƙa. Ina zaune bakin ƙofa kaina a sunkuye, Inna, surukar tawa, tana dama fura, baƙi cike da ɗaki. Yarinyar ta ratsa su ta tsaya kan ƙwaryar, ta miƙa hannu.

"Hura," ta ce.

Na ga Inna ta ɗaure fuska.

"Ke, wa yak koya miki roƙo gaban..."

"Inna, ku ba ta." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa katse ta ba. "Don Allah ku ba ta yanzu. Ni ku yi mini hwaɗan daga baya."

Wata baƙuwa ta yi tsaki. Inna ta kafe ni da ido, ni kuwa hannun yarinyar nake kallo, ya fara sauka. Tsoro ya kama ni sosai.

Inna ta cika ludayi ta kai mata baki. Ta shanye, ta sake cewa hura, aka sake ba ta.

Da baƙi suka watse na durƙusa ina jiran abin da na jawo wa kaina. Inna ta daɗe tana ɗauraye ƙwaryar, ba ta dube ni ba.

"Ashe hakanga muryatta take," ta ce.