Kitson Ƙarshe da Corinne Ta Yi

Ranar Talata, 13 ga Mayu, ciwon daji ya ɗauke yayata Corinne Lindqvist a Duluth, garinmu na bakin tafki, tana da shekara talatin da huɗu. Ta bar mijinta Curtis da ɗa ɗaya, Ellis, mai shekara biyar.

Yaya, ke kika raine ni. Da makaranta ta gaji da bakina, ke kika kai ni laburare, kika ce, "Je ka yi wa littattafai rashin kunya, su ba sa korar mutum." Da kika samu ciki, dangin mijinki suka matsa a yi bikin yanka kek, a ga shuɗi ne a ciki, wato namiji, ko ruwan hoda, wato mace. Kika ce, "Mutum zan haifa, ba fenti ba." Kika bar Ellis ya zaɓi abinsa: motar wasa ta kwasar ƙanƙara a dama, 'yartsana a hagu, gashi har gadon baya. Dangin nan suna cin girkinki suna kiranki mahaukaciya a bayan idonki.

A gadon asibiti kika yi wa Ellis kitso ƙwaya ɗaya, kika ce kada a kwance sai ya so.

Safiyar jana'izarki surukarki Darlene ta zaunar da shi a kicin ta sa wa kitson almakashi. "Yau dai jikana zai fito kamar namiji," in ji ta. Curtis na tsaye yana kallon takalminsa. Na ce, "Haba Darlene, ko ƙasa ba ta rufe ta ba! Shekara biyar kina wasa almakashin nan?" Ta ce wai in ji tsoron Allah. Ni!

A coci yaron ya cije leɓe, ya raɗa mini, "Kawu, Kaka ta ce maza ba sa kuka." Na ce, "To kalli wannan ƙaton." Na fashe da kuka, shi ma ya fashe, har fasto ya dakata.

Kitson a kwandon shara na tsince shi, cikin ɓawon ƙwai. Na wanke na ba Ellis. Gashi zai sake tsirowa, kuma na fara koyon kitso, Yaya, da yatsun nan nawa na ɗan dako.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa kin huta. Ya raya Ellis yadda kika so. Curtis, Allah ya ba ka haƙuri, ya kuma ba ka baki. Darlene, ke ma ina miki ta'aziyya. Kada ki wahala neman almakashinki, na jefa shi, yana ƙasan tafki.

Ƙaninki, Milo