Babur a Tsakar Gidana

Mijina bakaniken babur ne, amma ba kowane babur yake taɓawa ba. Nasa su ne dogayen nan na shiga daji, masu taya kurji-kurji, waɗanda ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, suna tafiya suna barin shuɗin hayaƙi a baya. Malaman gona ke hawansu, da masu yi wa shanu allura, da masu bin ƙauyuka sayen hatsi. A zauren gidanmu da ke wajen Ƙofar Gayan yake aikinsa, ni kuwa ina ciki, katanga ɗaya ce tsakanin murhuna da wurin zamansa.

Ban taɓa shiga aji ba, ban kuma taɓa riƙe sifana ba. Amma mace ta yi shekara da shekaru tana tuƙa tuwo a bayan katangar nan, ai dole kunnenta ya koyi wani abu. Tun babur yana kan layi nake sanin na wane ne. Nakan san wanda salansarsa ta toshe, don muryarsa takan shaƙe kamar mai mura. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wa zai tambaye ni?

Hannun Malam kuwa, ban ga irinsa ba. In ya kwance inji, a kan tsohuwar tabarma yake jera kayan, kowanne bayan ɗan'uwansa, yadda ya fito haka zai koma. Soson da ke tace iska, a kananzir yake wanke shi, ya matse shi a tafin hannu a hankali, ba ya murɗewa. Salansa in ta cika da baƙar dauɗa, garwashina yake aikowa a ɗiba, ya gasa ta har ta amayar da abin da ke cikinta. Baƙin mai kuma da gwangwanin tumatir yake aunawa, bai yarda da awon ido ba. Sau nawa na ji shi yana yi wa masu baburan faɗa: "Kai Malam, wannan ba jaki ba ne da zai ci duk abin da ya tarar. Ka rage masa mai, a daji zai rama."

Da ya tayar da inji kuwa sai zaure ya yi tsit. Ya karkata kai, ya saurara, ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti, ya sake saurara. Da kunne yake gama aiki.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Ni na fara lura. A yi sallama sau uku bai amsa ba, rediyo kuma sai ya ƙure shi har maƙwabta su sha labarai da mu. In an yi masa magana sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Yana ɓoye abin, ni ma na taya shi ɓoyewa.

Wata damina wani likitan shanu ya kawo babur ɗinsa. Mutumin kirki ne, tun yana saurayi yake zuwa zauren. Malam ya gyara, ya tayar, ya sallame shi. Ina tankaɗe na ji fitarsa. Muryar injin ta yi siriri, kuma can ƙarƙashinta akwai wani ƙyal-ƙyal. Na ajiye rariya na bi shi da kunne har ya sha kwana, sannan na ci gaba da tankaɗena.

Bayan kwana uku aka dawo da babur ɗin a bayan akori-kura, kwance a kan buhunan masara. Injin ya cije a tsakiyar daji. Likita ya yi ta tura shi cikin laka, ruwan allurar da ya ɗauko a cikin ƙanƙara ya lalace, makiyayan da suka tara masa shanu suka gaji da jira suka watse. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, a duba mini." Malam ya buɗe, ya ga fistan, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin inji, ya ƙone ya gurje.

Bayan la'asar ya shigo ya zauna a kan turmin da na kife, abin da bai saba yi ba. Ya ce, "Zan haɗa masa wannan, don ni na ɓata. Daga shi na rufe. Akwai wani tela da ke son hayar zauren, a ce masa ya zo."

Na matsa kusa da kunnensa na hagu, wanda ya fi dama-dama, na ce, "Malam, na ji shi ranar da ya fita."

"Kin ji me?"

"Ba lafiya ya fita ba."

Ya dube ni ya ce, "Kin ji, kika yi shiru?"

"Da ka tambaye ni?"

Ban san yadda zan kwatanta masa ƙara ba, tunda ba ji zai yi ba. Sai na ɗauko gwangwanin madara, na jefa tsakuwa biyu ƙanana, na ɗora hannunsa a kai na girgiza a hankali. Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce, "'Yar Kwarbai, ashe kin daɗe kina satar sana'ata ta bayan katanga." Haka yake kirana in yana son tsokana, don can aka haife ni.

Kwana biyu ya yi a kan injin. Ya sa sabon fistan da zobbansa, ya wanke komai. Rana ta uku da hantsi ina shanyar kuɓewa sai na ji gurnani a shigifa, ɗan ɗakin da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Malam ne yake turo babur cikin gida. Kan babur ɗin ya fi ƙofar faɗi, sai da ya karkata shi, ya kankare mini yaɓen bango. Kaji suka watse. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin babur a tsakar gidana ba.

Ya taka shi ya tashi, ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya zuba mini ido.

Na saurara. Ƙyal-ƙyal ɗin ya tafi, amma in ya ba shi wuta ya saki, injin ba ya saukowa da wuri, sai ya yi ta rataye a sama. Akwai kuma wani siririn fito, kamar na buta ta fara ɗaukar zafi. Na girgiza kai. Na zagaya babur ɗin ina bin fiton har na tsaya daidai inda yake fitowa, na nuna masa da muciya.

Ya kashe, ya durƙusa. Wata baƙar roba ce da ke haɗa inji da kafireta, inda mai ke gauraya da iska. Daga sama lafiya lau take. Da ya cire ta ya lanƙwasa, sai ga tsaga a ƙarƙashinta, siririya kamar gashi. Ta nan iska ke shiga ta rinjayi mai. Da an bar ta, sabon fistan ɗin ma da ya bi na farko. Ya riƙe robar nan yana juya ta, ya ce, "Da can, daga bakin ƙofa zan ji wannan."

Ya fita ya samo wata ya ɗaura. Da ya sake tayarwa sai injin ya zauna, tan-tan-tan, kamar mata biyu suna lugude. Na gyaɗa kai. Bai yarda nan take ba, sai da ya ɗan murɗa notin nan gaba, na yamutsa fuska, ya mayar da shi baya, na sake gyaɗawa. Gwada ni yake yi, na sani.

Da likita ya zo karɓa ina jin su. Ya ce, "Baba, yau kuma a cikin gida ake gyaran?" Zauren cike yake da mutane. Malam kuwa tun da kunnen ya tafi ba ya iya magana a hankali. Ya ce, "Ni ba na ji yanzu, kowa ya sani daga yau. Hannu nawa ne, kunne na mai ɗakina. Wanda bai yarda ba, ga hanya."

Can wani malamin gona ya ce, "To Baba, a shiga da nawa ta ji shi, tun jiya yake tari."

Ba a kira tela ba. Magini aka kira, ya sare gefen ƙofar shigifa ya ƙara mata kamu biyu, ya sake yaɓe. Malam ya ci gaba da aikinsa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma babu babur ɗin da ya bar zauren nan bai biyo ta gaban murhuna ba.