Beben da Malam ya ara wa baki

Da damanar nan maigidana ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara a jarida ba. Malam nake ce masa. A ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro, don haka a yi mini uzuri in rubutun ya karkace.

Abin da ya sa na ɗauki biron shi ne muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskarsa tana nan, tafiyarsa ma haka, amma in na nemi yadda yake magana sai in rasa.

A unguwarmu a Hunkuyi, Malam ne ya fara kawo talabijin, 'yar ƙarama marar kala, mai aiki da batirin mota. Bayan la'asar akan nuno wani katun, wato zane mai motsi: ɗan gajeren mutum mai ƙaton hanci da hular da ta fi kansa girma, kullum cikin faɗuwa yake. Da ya fito sai Malam ya murɗe ƙarar ya ce, "Wannan bebe ne, kada mu ɓata batir." Sai ya zauna a gefe yana yi masa magana da Hausa. In ya afka rami ya fito yana kakkaɓe hula, Malam ya ce, "Ba komai, gobe ma rana ce." Tsakar gida ta cika da mata, har tuwo yakan kama a tukunya. Daga nan sunan Bakomai ya bi mutumin.

Yanzu an sabunta shi. 'Yata Rabi ce ta nuna mana a waya ranar wani suna. Ya yi kala, ya yi kumatu, hancin ya ragu, ga shi da mota, ga surutu. Nan gardama ta kaure. Rabi ta ce wannan ya fi kyau, na da kamar da gawayi aka zana shi. Maƙwabciyata Inna Delu ta taɓe baki.

"Ke rufa mana baki! An turke shi kamar ragon layya, an kuma ba shi bakin tsiwa. Namu mai haƙuri ne, ko tari ba ya yi."

Wata baƙuwa daga Makarfi ta ce ita hular ce ta ɓata mata rai, an mai da ita daidai kai. Na san da Malam na nan, zai ƙura wa sabon ido ya ce ya samu wuri ne, ba laifinsa ba ne.

Bayan kwana biyu na roƙi Rabi ta nemo mini tsohon. Ina zaton in na ga faɗuwar nan, muryar za ta biyo baya. Ta nemo, ta kunna. Sai ga Bakomai yana zuba Turanci, ba ko numfashi.

"Rabi, ba shi ba ne."

"Wallahi shi ne, Inna. Ai tun asali yana magana."

"To me yake cewa?"

Ta saurara, ta kwashe da dariya. Wai mita yake yi, yana zagin ramin da wanda ya haƙa shi, yana rantsuwa sai ya rama.

Ashe duk shekarun nan mutumin masifaffe ne. Malam ya ɗan taɓa boko, ba na shakkar ya ji abin da ake faɗi tun ranar farko, bai so irin maganar ta shiga gidansa ba. Ya rufe masa baki, ya zuba masa nasa halin, mu kuma muka yi ta yabon bebe.

Muryar ba ta dawo ba, kuma na daina matsa wa kaina. Amma ko jiya na ji Inna Delu ta kan katanga tana faɗa da jikokinta a kan an lalata mata mai haƙurinta. Shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa, ga ta tana kare halin Malam, ita ba ta ma san shi take karewa ba. Ban gaya mata ba. Allah ya jiƙansa, ya sa haƙurin nan ya tarar da shi a can.