Ranar da Baffa Ya Tura Farfesa Kiwo

Sati guda da zamana farfesan lissafi a Dutse na tafi rugarmu da ke bayan Aujara, in kai wa Baffa, mahaifina, labari. Shekara ashirin da wani abu ina fama da allo da alli, amma ban taɓa jin ya ce wa wani ɗansa malamin jami'a ne ba. Wannan abin yana ci mini rai, ko da yake girma ya hana ni faɗi.

Ya saurare ni yana tufka igiya. Da na gama ya ce madalla, sannan ya ce ƙanena ya tafi ɗaurin aure, don haka gobe ni zan fita da shanu. Na ɗauka wasa ne, sai da ya miƙo mini sanda.

A gidanmu ba a ƙirga shanu, an ce albarka ce ke gudu. Kowace da kamanninta da halinta ake saninta. Ni kuwa rabona da garke tun ina sakandare, duk farare nake gani. Sai na ƙirga a zuci kafin mu fita: talatin da bakwai. A mashaya muka gauraya da garken maƙwabcinmu, na ware nawa da ƙyar, na sake ƙirgawa, suka cika cif. Na koro su gida ina tafiyar ƙasaita, ƙaya cike da wandona.

Baffa bai ko tashi daga tabarma ba. Ya ɗaga ido sau ɗaya.

"Farfesa, waccan mai guntun ƙaho ba tamu ba ce. Ina ka baro mai baƙin kunne?"

Na ce ai lissafi ya cika. Ya yi dariya har da tari, dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce in ɗauko takalminsa.

Muka tasa baƙuwar saniyar har rugar maƙwabcin. Tsofaffi na zaune bayan la'asar, ni kuwa kunya kamar in nutse. Na san yau sai sun yi abinci da ni, kuma sun yi. Amma da Baffa ya zo ba da labarin, sai ya fara da cewa wannan ɗan nasa shi ke koyar da masu koyar da lissafi a Dutse, duk jami'ar ba na biyunsa. Sau uku ya maimaita kafin ya iso kan ɓatan saniya. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Baffa ya yi kira sau ɗaya, mai baƙin kunne ta ratso garke ta zo. Ya kama hannuna ya ɗora a wuyanta.

"Dube ta da kyau. Jikar wadda na ba ka ran sunanka ce. Taka ce, ni kiwo kawai nake maka."