Tambayar Inna a Kan Likita Mace

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma a gidanmu na Dugabau wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Asalinmu makiyaya ne. Tun zamanin kakana aka zauna aka kama noma, shanu suka ragu, Fulatanci ya gudu daga bakinmu, amma kunya ba ta je ko'ina ba. Inna ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana son gaya mini wani abu, sai ta juya wajen ƙanwata alhali ina zaune a wurin, ta ce, "Ki ce wa wancan tuwonsa na hucewa." Ƙanwata ta juyo ta maimaita tana danne dariya, kamar ni kurma ne. Ban taɓa ɗaukar wannan rashin so ba. Tsokar da ta fi girma a kwanona take sauka, kuma na san hannun da ya sa ta.

Mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yanta. Na kama aikin koyarwa a Gwarzo a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an yi masa layi. Na lallaɓa na sayi wani tsohon babur, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in kama hanyar gida. Ina sauka Inna za ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambayi wancan, a Gwarzo ba a sayar da abinci ne?" Ni kuma in gyara zama in fara lissafa mata masu tuwo da masu shinkafa na bakin tasha. Sai ƙanwata ta tare ni, "Yaya, cewa take ka rame." Kafin in tafi an ɗaure mini gero a bayan babur.

Ban lura ba a lokacin, amma ƙanwata ba maimaita magana kawai take yi ba, warware mini ita take yi. Da aka yi mata aure a Gude, Baba kuma ya rasu, Inna ta ci gaba da zama a sashenta cikin gidan baffana, yayan Baba, wanda shi ma kunyarsa take ji. Daga nan in na zo sai ta yi maganarta da bango, ko da kajin da ke kiwo a tsakar gida, ni kuma in tsinta. Na ɗauka na iya tsinta.

Shekarun da aka kawo Shari'a, aka sa ni cikin kwamitin sulhu na unguwarmu a Gwarzo. Miji da mata, maƙwabta masu rigimar kwata, 'yan'uwa masu rigimar iyakar gona, duk gabanmu ake zuwa. Mutane suka riƙa cewa Malam akwai haƙurin saurare, kaina ya kumbura. Gaskiyar magana, ina sauraren mutum ne kawai har in sami inda zan sa tawa. Ciwon malaman makaranta ke nan: kowace tambaya a wurinmu ta jarrabawa ce, amsa take nema, kuma mu ke da ita.

Wata Juma'a da kaka na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa, ta ba ni baya kamar kullum. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gida lafiya, gajiya babu, jiki da sauƙin Allah. Can ta watsa wa kaji ɓawo ta ce, "An ce yanzu a asibitin Gwarzo akwai likita mace."

Wannan magana ta zo mini daidai inda nake so. Na ce ƙwarai kuwa, akwai. Na shiga bayani a kan yadda addini ya fi son mace ta duba mace, da yadda muka daɗe muna kira a bar 'ya'ya mata su yi karatu, da gardamar da na yi da wani a majalisa a kan haka har na kayar da shi. Na fi rabin awa ina zuba. Ta saurara har na ƙare, ta ce, "To, madalla." Na hau babur ina jin daɗin na wayar wa tsohuwa da kai.

Bayan mako biyu ta sake. A ranar ana zafi, amma tana lulluɓe da mayafi mai kauri a cikin gida, ɗakin kuma yana warin jiƙe-jiƙe. Na gani, na ji warin, ba zan ce ban gani ba. Sai dai lokacin mata duk sun koma manyan lulluɓi, saboda haka har yaba mata na yi, na ce haka ake son tsofaffi su zama abin koyi. Sannan ta ce da bango, "Ko ita likitar nan tana ganin mutanen ƙauye, ko sai na cikin gari?"

Na harzuƙa a madadin mutanen ƙauye. Na ce wa ya isa ya hana? Asibiti na kowa ne, duk wanda aka wulaƙanta ya zo ya same ni. Na yi ta faɗa da mutanen da ba su nan, na kare haƙƙin talakawan ƙasa gaba ɗaya, ban tambayi matar da ke zaune taku uku daga gare ni ko wani abu na damunta ba.

Ta uku ita ce ba na son tunawa. Na tashi tafiya, ina ta dukan babur ya ƙi tashi, sai na ji ta daga ƙofar ɗaki tana cewa a hankali, "Babur dai ba ya yi wa tsofaffi, girgiza ta yi yawa. Mota ta fi." A makon nan wani abokin karatuna ya shigo gari da sabuwar mota, abin yana cina a rai. Sai na ji kamar gori take mini. Na ce, "Inna, abin da Allah ya hore mini ke nan. Masu mota ba su fi ni uwa ba." Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Na tura babur har ya tashi, na tafi ban waiwaya ba, na kuma yi fushin Juma'a uku ban je ba.

Ina cikin aji wata Laraba aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga ƙanwata a gindin darbejiya, goye da ɗa, ƙafafunta duk ƙura. Ba ta bari mun gama gaisawa ba.

"Yaya, sau nawa kake so ta gaya maka?"

Na ce, "Ta gaya mini me?"

"Jiya na je, na taya ta wanka. Ƙirjinta ne, na hagu. Ya kumbura ya fashe, tsumma take sawa. Ta ce sau uku tana gaya maka."

Na ce wallahi ba ta gaya mini ba. Ƙanwata ta dube ni, ita da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta ce, "Ba ta ce maka likita mace ba? Ba ta ce maka mota ba? So kake ta buɗe baki ta kira maka sunan wurin, kai ɗan farinta?"

Na zauna a kan tushen bishiyar. Maganganun uku suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, a fili, babu wani abin da ya ɓuya a cikinsu. Duk wata tsohuwa a Dugabau da ta ji ta farko ta gane. Ni mai sulhunta jama'a ne ban gane ba.

A ranar na ɗauki shatar mota muka je. Likitar ta duba ta, ta fito ta kira ni gefe. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambaya ne kawai tun yaushe. Ta tura mu Kano, a Kano aka riƙe mu kwana tara, sannan aka ce mu koma gida a ci gaba da addu'a. Ban sani ba ko da na kai ta tun ranar gyaɗar nan da ta tashi. Na tambaya, an ce mini sanin wannan sai Allah. Amma makonni bakwai na ciwo da tsumma, waɗannan nawa ne, ba wanda zai ɗauke mini su.

Inna ta rasu da farkon damina. Na nemi gafararta tana kwance, ta juya fuska ga ƙanwata ta ce, "Ki ce masa bai yi mini komai ba."

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, matar baffana ta kira ni ta miƙo mini wani ƙullin zane. Na kwance. Zannuwa biyu ne wankakku, da kwano, da kofi, da sabulu, da carbi. Ta ce tun Juma'ar da Inna ta fara yi mini maganar likita ta ɗaure shi. Duk Asabar da safe sai Inna ta yi wanka, ta fito da shi ta zauna a bakin ƙofa tana sauraren ƙarar mota. In rana ta take sai ta mayar da shi ƙarƙashin gado. Ranar da muka zo da motar, gaggawa ta sa ba wanda ya tuna da shi.

Na ce, "Ba ta taɓa cewa a aiko a tuna mini ba?"

Matar baffana ta ce ita da kanta ta ce a aika, Inna ta hana. Cewa Inna ta yi, "A'a, ya ji. Ya amsa mini da kyau, ya ma fi kowa sanin likitar. Aiki ne ya riƙe shi, zai zo."

Na ɗaure ƙullin yadda na same shi, na fita bayan gida inda ba kowa, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.