Kwalliyar Datsun ɗin Yusha'u

Jama'a a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai goro a baki ya haɗiye, don wanda za a gabatar muku ba ƙaramin mutum ba ne. Malam Yusha'u ne na Tsafe, tsohon direban bas, Sarkin Fushin hanyar Gusau, wanda in ka ce masa ina kwana sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. Ba shi da sarauta, bai je Makka ba, bai taɓa neman ko kansila ba. Ban da iyali da rumbun gero, abu ɗaya ya mallaka a duniya, kuma saboda abin nan ɗaya ne ya shekara talatin da wani abu yana faɗa da garin Tsafe kaf.

Mota ce. Datsun ƙirar Z, ta Japan, mai ƙofa biyu, mai dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta sunkuya tana neman allura. Launinta na asali ruwan goro ne, amma rana ta sha shi har ya koma kalar tsohon tandu. Madubanta ba a jikin ƙofa suke ba, can gaba suke a kan kafaɗun hancin, tsaye cirko-cirko. Kujerunta biyu rak.

Ba shi ya saye ta ba. Ta yayansa ce, Usman, wanda ya yi aiki a masaƙa a Gusau zamanin da masaƙa ke da hayaƙi. Usman ɗan gayu ne, shi ya raini Yusha'u bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ɗora hannunsa a kan sitiyari karon farko, a cikin motar nan. Da Usman ya rasu bai bar ɗa ba, aka raba abin da ya bari, kowa ya kauce wa motar kamar ciwon ido, sai ta faɗo wa Yusha'u. Shi kuwa dama ita yake so.

To a Tsafe darajar mota ba a gudunta take ba, a cikinta take. Mutum nawa take ci? Buhu nawa? Akuya za ta shiga? Motar da ba ta ɗaukar gawa, ba ta ɗaukar amarya, ba ta ɗaukar mai naƙuda da 'yar rakiya, wannan a wurin mutanen Tsafe ba mota ba ce, rowa ce aka sa wa taya. Haka suka raɗa mata suna, Motar Marowata. Duk Juma'a Yusha'u zai wanke ta, ya tuƙa ta zuwa masallaci a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, 'yan kamasho na tasha su bi shi da baki.

"Malam Yusha'u, saura mutum nawa ta cika?"

"Saura ubanka," in ji shi, ya wuce.

Abin da ke cin ransa ba a kansa ba ne. Shi ya saba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, duk dariyar da aka yi wa motar, Usman ake yi wa, mutumin da ke kwance a maƙabarta ba ya iya ramawa. Burinsa ɗaya kafin ya bi yayansa: rana ɗaya tak, a gaban mutane, wani ya miƙe ya ce Usman ya san abin da ya saya.

Sai ga ranar ta zo da ƙafarta. Wata Juma'a bayan an sallame, ya fito ya tarar da wani saurayi kwance a ƙasa, rabinsa a ƙarƙashin motar, shaddarsa tana shan ƙura. Yusha'u ya cire takalmi zai yi abin da ya saba, saurayin ya fito yana rawar baki. Sunansa Mansur, ɗan wani mai shagon atamfa a Gusau, kuma shi ne shugaban wasu samari da Allah ya jarabce su da son tsofaffin motocin tsere na Japan. Suna da ƙungiya, suna da riguna iri ɗaya, suna taruwa su buɗe injuna su tsaya suna kallo kamar masu duban jinjiri. Ya ce sun shirya baje koli a Gusau, masu irin wannan ciwo za su zo da motocinsu daga Kaduna da Kano da Sakkwato.

"Baba, wallahi ban taɓa zaton akwai irinta a Zamfara ba. A waya kawai nake ganinta. Ka kawo ta, ita za mu sa a tsakiya. Kai za a ba lasifika ka ba da tarihinta."

"A tsakiya?"

"A tsakiya, Baba. Yadda take ɗin nan, haka za ka kawo ta."

Yusha'u ya ji kalmar tsakiya, ya ji lasifika. Sauran maganar ya ɗauke ta irin ladabin da ake yi wa talaka in an gayyace shi biki, a ce masa kada ka wahalar da kanka, zo yadda kake. Wa ya taɓa zuwa yadda yake? Mutumin da za a zaunar a tsakiyar taro ba ya zuwa da rigar gona. Ko jaki za a kai kasuwa sai an goge shi.

Ya tuƙa ta har Bungudu wurin surukinsa Ashiru, mai gyaran jikin mota da fenti, wanda ya yi suna wajen mayar da tsohuwar a-kori-kura amarya.

"Ashiru, wagga mota taro za ta. Ka yi mata abin da ba ka taɓa yi ma wata ba."

Ashiru kuwa ya yi. Ya kankare ruwan goron nan tas, ya cike duk wata lotsawa, ya fesa mata kore shar mai ƙyalli, ya ja mata zanen ruwan zinare daga hanci har wutsiya. Madubai masu tsayuwar kunnen zomo ya tumɓuke su, ya liƙa na zamani a ƙofofi. Kujerun fata da suka tsattsage ya lulluɓe su da karan-miski ja mai geza. Sitiyarin katako da ya sha hannu har ya yi baƙi a gefe guda, ya cire, ya sa na wata Golf da ta yi hatsari. Tambarin hanci da ya dushe ya ɓamɓare. Ya ƙara da furen roba a gaban gilashi da oda mai kiɗa. A gilashin baya, bisa umarnin mai mota, aka rubuta da manyan baƙaƙe: Allah Ya Jiƙan Usman. Tarkacen da aka cire, masu jari-bola suka kwashe.

Da Inna Sa'adatu, matar Yusha'u, ta gan ta a ƙofar gida sai da ta rangaɗa guɗa, karo na farko tun da aka kawo motar gidan da ta yi mata kallon arziki.

Ranar taro Yusha'u ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Ya faɗa wa duk wanda ya taɓa yi masa dariya cewa ya zo Gusau ya gani da idonsa, suka kuwa cika bas guda, don ɗan Tsafe ba ya ƙin kallo. A filin an kewaye wuri da igiya, an kafa rumfuna, ga Celica, ga Mazda mai fitilu masu lumshewa, ga wasu da Yusha'u bai san sunansu ba. Wasu ma tsatsa ta ci gefensu, masu su na tsaye kusa da tsatsar suna alfahari. Ya taɓe baki. A tsakiya an bar fili, an shimfiɗa darduma.

Ya danna oda, ta yi kiɗanta, ya nufi dardumar. Wani saurayi mai rigar ƙungiya ya tare shi ya ce masu kawo lemo ta baya suke shiga.

Kafin Yusha'u ya gama zaɓen zagin da ya dace, Mansur ya iso. Ya dubi direban ya gane shi. Ya dubi motar. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannunsa a ka, kamar wanda aka nuna wa gawar ɗan'uwa.

"Baba, me ka yi mata?"

"Mi na yi mata? Ido gare ka."

"Ina fentinta? Ina madubai? Baba, ina sitiyarin?"

"Suna inda tsumma ke zuwa. Buɗe mani igiya."

Mutanen Kaduna da Kano suka taru. Wani ya leƙa ciki ya ga karan-miski ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Wani ya ɗaga waya. Mansur ya rage murya ya ce ba zai iya sa ta a tsakiya ba, baƙi za su ce an raina musu hankali. Su abin da suke taruwa a kai shi ne mota ta tsufa da kayanta na asali, fentin da ta fito da shi daga Japan, ko ya ƙone. Ya ce akwai wuri can gefe, wajen masu tsire.

Nan Sarkin Fushi ya fito daga mota, kuma duk wanda ya san shi ya ja da baya.

"Wajen masu tsire. Kai, dubi shaddar da ke jikinka, sitati har tana yanka iska. Dubi wancan, agogonsa ya fi kansa nauyi. Kowanenku ya yi wanka ya fesa turare ya zo taro, amma motar ɗan'uwana ita za ta zo da tsumma don ku ɗauke ta hoto? Ku tsatsa ado ce gare ku, don kuna da wata sabuwa a gida. Mu tsatsa talauci ce. Na shekara talatin ana mani dariya don ta tsufa, yau na gyara ta, ku kuma kuna dariya don ta gyaru. To wace iri kuke so a kawo maku, 'yan banza?"

Da Mansur ya yi shiru nan, da an rabu a haka, Yusha'u ya tafi da nasararsa ta baki. Amma yaron shi ma ransa ya ɓaci, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, ni ba tsatsa nake so ba. Ranar nan na ga inda sitiyarin ya yi baƙi, na ce wannan hannun mai ita ne na farko. Shi nake so in nuna wa mutane. Ka rubuta sunansa a gilashi, amma duk inda ya taɓa a motar nan ka sa an kankare."

Yusha'u ya juya. Ya dubi cikin motar. Ja, kore, geza, fure. Ya nemi abu ɗaya da Usman zai gane in ya tashi yau, bai samu ba. Ba Ashiru ya yi masa ba, ba Mansur ba, ba 'yan kamasho ba. Ga fushi ya cika masa ƙirji har wuya, ga jama'a cike da fili, amma babu wanda zai sauke wa.

Sai ya sauke wa igiya. Ya shiga mota, ya ba ta wuta, ya bi ta kan igiyar ya tsinka ta, ya hau dardumar tsakiya ya tsaya. Ya kashe inji. Ya zauna a ciki da babbar rigarsa, gilashi a rufe, zufa na bin gemunsa, yana kallon gaba. Ba a ba shi lasifika ba, bai kuma nema ba. Baƙi suka yi ta zagaye shi suna kallon sauran motoci kamar ba ya wurin. Mutanen Tsafe suka ci tsire suka koma bas tun kafin la'asar, don hanyar ba ta son yamma. Ɗaya daga cikinsu ya ƙwanƙwasa masa gilashi zai tambayi saura mutum nawa, ya ga fuskarsa, ya fasa.

Babu wanda ya miƙe ya ce Usman ya san abin da ya saya. Wanda ya zo da niyyar faɗin haka, Mansur ne, kuma yana can bayan rumfa ya haɗa kai da gwiwa.

Washegari Yusha'u ya koma Bungudu, ya bi masu jari-bola rumfa-rumfa, yana zagi yana tambaya. An ce kayan sun bi tirela zuwa kudu. Ya daina gaisawa da Ashiru, duk da ya san Ashiru abin da aka sa shi ya yi. Mansur ya zo Tsafe ban haƙuri, ya ce za a iya nemo irin kayan daga waje a mayar da ita kamar da. Yusha'u ya ce irinsu ba su ba ne, ya rufe ƙofa. Har yau duk Juma'a tana fita, kore shar, tana ƙyalli. 'Yan kamasho sun sauya mata suna zuwa Amarya, kuma amsar da suke samu ba ta sauya ba.

Mai ba ku wannan labari, da yake Allah bai ba shi aikin yi ba, ya je har ƙofar gidan ya same shi yana goge taya. Ya gyara tsayuwa ya shaida masa cewa ya rubuta tarihinsa kaf, za a karanta a Gusau da Kano har inda ba a zato, sunansa da na Usman sun shiga duniya ke nan, ba mai iya kankare su.

Malam Yusha'u bai ɗago ba.

"To, na ji. Ɗaga gwiwar hannunka daga kan motata."