Yatsu Biyu na Anti Matse

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin, can ƙarshen barandar asibiti, inda ko masu shara sai sun tuna suke leƙawa. Ta ɗora ruwan ɗumi, ta jera ƙwallayen roba a kan tebur, ta zauna jiran hannaye. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, amma kowa Anti Matse yake ce mata.

Na'urar auna ƙarfin riƙo ce ta lalace tun Anti tana sabuwar ɗauka, ba a kuma sayo wata ba. Sai ta koma miƙa wa marasa lafiya yatsunta biyu. "Matse, 'yar'uwa. Haba, wannan ai gaisuwa ce! Matse da gaske." Daga matsar take gane ko hannu ya fara dawowa.

Wata mai kitso ta zo yatsu uku sun mutu mata, tsinke na suɓucewa daga hannunta. Anti ta ɗaure mata wuyan hannun a miƙe, ta hana ta kitsa kai biyu ba hutu a tsakani. Wata mai jego kuma ciwon gindin babban yatsa ya hana ta ɗaukar jaririnta, Anti ta nuna mata yadda ake tallabo shi da tafin hannu. Ranar da mace ta matse Anti har Antin ta yi ƙara, ranar take sallamarta. Wadda ta warke kuwa ba ta cika dawowa ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki. Yatsun nan biyu yanzu sun kumbura, sun karkace. Mijinta ya rasu, 'yarta guda tana nesa, sai waya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Mai kitson ta haɗu da ita a bakin ƙofa. "Anti, ai sai hutu!"

"Hutu kam akwai," in ji ta. "Sai dai daga ranar ba mai sake riƙe min hannu." Ta yi dariya, amma maganar ta tsaya wa mai kitson a rai.

Ke ce mai auna ciwon wasu da jikinki, Anti. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi haƙurinta. Ku kuma da kuka warke kuka tafi ba waiwaye, ku neme ta a gida. Ba sai da tsaraba ba. Ku riƙe hannun nan, amma a hankali, don yanzu ciwo yake mata.